Sa Hannun da Yaya Usaini Ya Ƙi

Yayana Usaini shekara talatin yana tuƙa motar alhazai daga tashar Kudai a Makka, kuma ban taɓa jin ya danna wa tattabara oda ba. Sai ya tsaya cak da mota cike da mutane har ta gama tsallake titi. Haka aka tashe mu a unguwar Misfala, tsuntsun Harami ba a ko razana shi. Amma shi nasa ya yi yawa, wallahi.

Da ya ajiye tuƙi, matarsa kuma ta rasu, abu ɗaya ya rage masa a duniya: kamun kifi a tekun Shu'aiba duk Alhamis, cikin jirgin ruwan amininsa Turki. Ranar ce kaɗai yake dawowa da dariya.

Sai ga wasu baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu nutso sun dami masuntan, suna riga su kifi. Turki ya rubuta takarda ta neman hukuma ta ba da izinin harbinsu. Kowa ya sa hannu, Usaini ya ƙi. Turki ya yi masa bayani cewa teku ba Harami ba ce, iyaka tana can baya da nisa. Ya ce ya sani. Da rai ya ɓaci, Turki ya ce to ko ya sa hannu ko ya haƙura da jirgi.

Ni kuwa na hau Usaini da faɗa. Na ce tsofai-tsofai da shi zai zubar da amincin shekara ashirin saboda tsuntsun da ko kyan gani ba shi da shi? Ya ce dai in shirya ranar Alhamis.

Da hantsi muka isa bakin ruwa. Ga tsuntsayen nan ɗaruruwa a jere kan duwatsu, kowanne ya buɗe fikafikai yana shanya su, ba mai motsi, kamar sahun masu addu'a. Can sai suka zuba cikin teku gaba ɗaya, ruwa ya rufe su, shiru. Na riƙe numfashi ina ƙirgawa har na gaza, sannan suka ɓullo can nesa. Ni mai baki, na rasa abin cewa sai subhanallahi.

"Asiya," in ji shi, "na san shari'a ba ta hana a nan ba. Hannuna ne bai san inda iyakar take ba."

A hanyar komawa ya tsaya gefen titi, ya ciro makullin jirgin da Turki ya ba shi daga cikin makullansa. Ya daɗe yana fama da zoben makullan. Ya miƙo mini ya ce in kai wa matar Turki, shi ba zai iya kallon fuskar mutumin ba.

Na kai mata. Ranar Alhamis ta gaba na ji shi ya tashi da asuba kamar kullum, ya yi salla, ya koma ya zauna.