Ludayin da Ya Taɓa Suga

Kullum da azahar, a gindin wata dalbejiya ta Ƙofar Kware, wani dattijo na zaune gaban mai fura kamar wanda aka yi wa rasuwa. Hula ta karkace, kafaɗu sun zube, fuskar nan a murtuke. Ko akuya ta zo wucewa sai ta sake hanya.

Idonsa na kan robar suga. Duk cokalin da aka zuba wa wani, sai ya raka shi da ajiyar zuciya.

"Baba Tambari, a sa kaɗan?" in ji mai furar.

"Ke ɗiyata, likita ya hana. Ƙafa anka ce za a yanke in na ƙara."

Da gani, tun da aka raba shi da zaƙi mutanen gidansa da sanɗa suke tafiya, jikoki ma sun yi ƙaura.

Yana kurɓar tsamin yana yamutsa fuska. Can sai ya sassauta murya.

"Ludayin da kinka dama ta mutumin can, kar ki wanke. Dama min da shi."

Ta dama. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya gyara hula. Da akuyar ta dawo, har ƙafa ya janye mata ta wuce.