Huɗa a Filin Ƙwallo

A shekarun da aka tare gulbi a Bakolori, mutum ba ya rasa wurin zuwa da yamma a Talata Mafara. Ina kwaleji a lokacin, ina karatun aikin gona da ban-ruwa, kuma in za a bi gaskiya na fi sanin wuraren kiɗa fiye da hanyar ɗakin karatu. Aikin dam, wato madatsar ruwan, ya tara jama'a daga ko'ina, direbobin manyan motoci, masu walda, magina, 'yan kudu da 'yan arewa. Da an sallame la'asar, masu shaguna sun yayyafa ruwa a ƙofa, sai gari ya ɗauki sauti. Akwai wani mai goge a bayan tasha da ba ya ganin ɗalibai ya ƙyale, sai ya sa mu a waƙa, wai mu ne masu gogaggen wando da cikin da bai ga abincin rana ba. Muna jin haushi, kuma gobe mu koma. 'Yan kalangu suna rumfar mahauta. Wasu ma'aikatan dam kuma sun haɗa ƙungiyarsu ta kiɗa, da jita da lasifika da wani ɗan janareta mai tari kamar tsohon da ya sha taba.

Saboda bakina ba ya mutuwa, ɗalibai suka ɗora mini shugabancin kwamitin shaƙatawa. Aikinmu shi ne mu shirya wasa a filin ƙwallo lokaci-lokaci, daga la'asar zuwa kiran magariba, mu gayyato masu jita ko mai gogen nan, mutanen gari su shigo su yi kallo. Na riƙe muƙamin nan kamar sarauta aka ba ni.

Amma duk wannan hayaniyar da nake yi, raina yana gida.

Mu mutanen ƙasar Maradun ne, ta wajen Faru. Gonar gidanmu tana bakin gulbi, kuma tana cikin gonakin da ruwan dam ya hau kansu. Da abin ya faru muka kwashe kayanmu muka koma Dakko, cikin ƙasar Bakura, wurin dangin Inna. Kawu, yayan Inna, mutumin kirki ne. Ya yanka wa Baba wani yanki na gonarsa da ke bakin sabon kanal, inda ake sako ruwa da rani, ya ce ya noma ya ci da iyali.

Baba bai ko je ya dubi wurin ba. Mutumin da a garinmu in an yi gayya shi ne a gaba, wanda samari ke roƙon Allah kada a jera su kusa da shi, shi ne ya ɗauki galmarsa, babbar garmar huɗa da ya gada, ya soke ta a rufin zaure. Ya ce gonar da ba ta san kakansa ba, kuma ruwanta sai wani mai hular kwano ya murɗa ƙarfe sannan ya zo, wannan ba gona ba ce. Damina ta zo ta wuce yana zaune a zaure, wata ta zo. Yayyena ne ke fita ƙwadago. Duk hutun da na je sai in tarar rigarsa ta ƙara yi masa yawa. Ba ya faɗa, ba ya dariya, kuma rashin faɗan ne ya fi ba ni tsoro, don Baba mafaɗaci ne, a wurinsa na gado. A ƙarshe Kawu ya kira ni gefe ya ce shi ba korar kowa yake yi ba, amma ƙasar bakin kanal ba ta zama banza. In ranin nan ya kama Baba bai taɓa ta ba, zai ba wani.

Ina cikin wannan damuwa ne na ci karo da makaɗin garinmu a kasuwar Talata, yana sayar da igiya. Sa'an Baba ne, tare suka yi wasan ƙasa, kuma shi ke bin Baba da gangar noma tun suna samari. Shi ya koma Maradun da zama. Muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi Inna, ya tambayi Kawu, ya tambayi gajiya da karatu da baƙunta, sannan ya tambayi abokinsa. Na faɗa masa. Ya ci gaba da murza igiya a cinya. Shi ma, ya ce, tun da aka watse bai taɓa gangarsa ba, tana rataye ɓeraye na shawara a kanta.

Nan take na ce ya zo ya yi mana kiɗa a kwaleji. Ba wata dabara na ƙulla ba. Na gaji ne kawai da jin 'yan kwamiti suna magana kamar kiɗa ya fara ne ranar da aka ƙera jita, ina so su ji abin da na tashi ina ji. Ya ce zai zo, amma sai ranar kasuwa, don ranar ce ake samun mota, kuma ba zai shiga cikin 'yan boko shi kaɗai ba, sai da ɗan rakiya. Zai aika wa Baba. Na ce masa ya ɓata aikensa, Baba ko ɗaurin aure ya daina zuwa.

A kwamiti sai da muka yi kamar za mu daku. Wasanmu ranar Asabar muke yi, ni kuma na kafe sai Talata. Wani ɗan Gusau mai tsayin baki ya ce ko raƙumi zan kawo musu ya yi rawa. Na ce masa in ya ji gangar nan bai motsa ba, in sauka daga kujerata. A ƙarshe suka yarda, har suka ƙara da nasu: za a zaɓi samari su yi shigar manoma, a ɗauko galmuna daga ɗakin kayan aikin gonar kwaleji, su yi rawar noma a gaban makaɗi. Na ce madalla, ban ga komai a ciki ba.

Ranar ta zo a ƙarshen damina, ruwan bankwana bai daɗe da sauka ba, ƙasa da sauran danshi. Fili ya cika, ɗalibai a kan benci, mutanen kasuwa da ba su kama hanya ba a tsaye, mata masu ƙosai da gyaɗa a gefe. Masu jita suka buɗe wasa, suka yi abin da suka saba, aka yi ta tafi. Ina ta kai da kawo sai na hango makaɗi ya shigo da ganga a kafaɗa, an sake mata fata. A bayansa ga Baba, da farar rigarsa ta zuwa Juma'a, yana tafe yana kallon ƙasa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce, na samo masa kujera a gaba. Ya ce shi rakiya ya yi, a bar shi a baya.

Aka kira makaɗi. Ya tsaya a tsakiyar fili, samarinmu suka jeru a gabansa suna fuskantarsa, kowa ya ɗaga galma sama yana murmushi, suna jiran kiɗa ya tashi su fara rawa. Shi kuma ya ɗaga gula yana kallon galmunan, yana jiran su sauka ƙasa.

Aka tsaya ana kallon kallo.

Da shirun ya yi yawa ya ɗan buga. Samari suka fara jujjuya galma a iska suna tsalle. Ya bi wannan, ya bi wancan, kiɗan ya harɗe, ya tsaya. Ya sake ɗauka, ya sake watsewa. Ni da na san hannun mutumin nan, na san in ya buga ganga a Faru ana ji a tsallaken gulbi, sai ga shi yana lalube kamar mai koyo. Dariya ta fara tashi daga benci na baya. Ɗan Gusau ya juyo yana nuna mini kujerata da leɓe. Na ruga wurin makaɗi raina a ɓace na tambaye shi abin da ya faru. Zufa na zuba a fuskarsa.

"Ɗana, ni ba ni kiɗi ga iska," ya ce. "Ganga galma ta ka bi. In ban ga bayan manomi ba, ban ji sara ba, mi za ni bugawa?"

Sai a lokacin na tuna. Tun ina yaro ban taɓa ganin mutumin nan yana kiɗa a tsaye wuri ɗaya ba, ban kuma taɓa ganin sa a gaban manoma ba. Kullum yana bayansu, yana takawa tsakanin kunyoyin huɗa, idonsa a kan kafaɗar na gaba. Saran galma ne ke ba shi bugu, shi kuma ya mayar wa mai saran da ƙarfi. Dukanmu 'ya'yan manoma ne ko jikokinsu, amma mun saba da kiɗan dandali, inda makaɗi ke farawa mai rawa ya bi. Mun jera masa mutane ta fuskar da ba ita ba.

Kafin in buɗe baki in gyara jeri, dariyar ta ƙaru, wani ma ya yi fito. Makaɗi ya sunkuyar da kai, ya fara sassauta igiyar ganga daga kafaɗa. Sai na ga mutane suna darewa ta baya. Baba ne. Ya tuɓe farar rigar ya miƙa wa wata mai ƙosai, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi yaron da ke farkon layi. Fuskar nan tasa ta faɗa, wadda na yi kewa, ta dawo.

"Ba ni nan, yaro. Ba haka a ka riƙon ta ba."

Ya auna galmar a hannu, ya ɗan yamutsa fuska don ba ta kai tasa nauyi ba. Ya juya wa abokinsa baya, ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya, ya kafta wa filin ƙwallon kwaleji sara.

Ganga ta amsa.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ji ba. Sara ɗaya, bugu ɗaya, ƙasa ta kife. Baba ya taka, makaɗi ya taka a bayansa. Kafin su yi nisa hannun tsohon nan ya warware, ya shiga taken Baba, wanda rabona da jin sa tun gonarmu tana gona, ya ɗaga murya yana yi masa kirari: bijimin gabas da gulbi, mai kuyyar da ba ta karkata. Baba bai ɗago ba. Ƙasa kawai ke tashi tana kwanciya a gefensa, kunya tana miƙewa sambal daga tsakiyar fili ta nufi raga. Masu dariya suka yi tsit, sannan fili ya ɗauki sowa gaba ɗaya. Wani dattijo daga cikin 'yan kasuwa ya ajiye buhunsa ya karɓi galma a hannun wani ɗalibi ya shiga layi. Samarinmu da suka ga yadda abin yake suka juya, suka sunkuya, suka bi. Ɗan Gusau da kansa na gani yana sara, kunyarsa tana tafiya kamar maciji. Mai jita ya saurara ya saurara, ya gano inda bugun yake, ya shigo a hankali daga ƙasa-ƙasa, bai yi gigin wuce ganga ba.

Ni kuwa ina tsaye ina kuka a gaban ɗaliban da nake yi wa shugabanci, ban kuma damu da wanda ya gani ba. Duk wanda ya matso kusa sai na kama hannunsa na ce masa wancan na gaba ubana ne. Har wanda ya sani sai da na faɗa masa.

Kiran magariba ne ya tsayar da su. Rabin filin ƙwallo ya zama gona. Malamin wasanni ya riƙe kai, kuma mu 'yan kwamiti muka kwashe kwanaki muna baje kunyoyin nan da shebur, 'yan ƙwallo na tsine mana. Ban taɓa yin horo da daɗin rai irin wannan ba.

Bayan an idar da salla na raka su tasha. Baba yana tafe yana duba tafin hannunsa, ya yi bororo har biyu sun fashe, hannun da a da ko ƙaya ba ta shigarsa. Makaɗi na tsokanarsa wai zama ya mayar da shi amarya. Baba ya ce shi ma ai ya ji kiɗan ya yi tsatsa. Suka yi ta yi har bakin mota. Na so in kawo maganar Kawu, na rasa ta inda zan fara, na haƙura.

Baba ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya tsaya, bai dube ni ba.

"Kai da ka karatun abin," ya ce, "wanga ruwa naku na kanal, wace rana a ka sako shi? Kuma alkama, zurhin mi a ka ba ta?"

Na fara ba shi amsa, direba na ta danna oda. Baba ya ce in bari, in zo gida ranar Asabar in nuna masa a gonar da Kawu ya ba shi.

Gangar noma ta damina ce, da an yi girbi ake rataye ta. Amma a ranin shekarar nan mutanen Dakko sun ji ta a bakin kanal, har wasu suka fito suna duban sama. Ina wurin, an ba ni layi na biyu. Baba ya tsere mini da nisa, yana waiwayowa yana yi mini faɗa wai kunyata ta karkace.