Tsawon Siket ɗin Jidda

Gwaggo Mubaraka, ƙanwar babana, tela ce a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, kekenta na falo kusa da taga. Tun a Zariya take ɗinki, da mijinta ya zo karatu ta biyo shi da almakashinta. Mace ce da ta san komai, har gishirin miyar da ba ta ɗanɗana ba. Abu ɗaya na ga ya ruɗa ta, shi ne wasan ƙwallon tanis.

'Yarta Jidda ta iya wasan, makaranta na so ta shiga ƙungiya, amma sai uwa ta yarda. Gwaggo ta ga siket ɗin 'yan matan, ta ce wannan ai hankici ne, 'yarta ba za ta sa ba. Jidda ta daina magana a gida. Ni kuwa haushinsu duka biyun nake ji.

Ana cikin haka wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park ta nemi Gwaggo. Wai kakarta na cikin matan da suka fara gasar tanis a ƙasar nan, ta yi ta cin kofi har aure ya tsayar da ita. So take a ɗinka irin rigar kakar don bikin kulob ɗinsu. Ni na raka ta. Da aka miƙo hoton kakar, Gwaggo ta hau yi wa matar ta'aziyya, da ƙyar na raɗa mata cewa mamaciyar ta rasu tun ba a haifi babana ba. Sai ta ƙura wa hoton ido: siket har idon sawu, dogon hannu, wuya a rufe.

A mota ta dame ni. "Kabir, wai su ne da wannan? To wa ya yanke musu siket ɗin? Yaushe?" Na ce ni lissafi nake karanta.

Ta ɗinka rigar tsaf, har da ta ciki mai ƙarafa da ake ɗaurewa tamau. Ta kira Jidda gwaji, tana ta fara'a. "Ga shi, gwanarsu ma a rufe take. In a wannan ne, na yarda ki buga."

Jidda ta sa, muka fita bayan gida, na jefa mata ƙwallo. Ta ruga, siket ya harɗe ta, ta faɗi. Ta tashi, ta sake faɗuwa. Numfashinta na fita da ƙyar, amma ta ce, "Mama, I'm fine, zan iya. Yaya Kabir, sake jefowa." Tausayinta ya kama ni, na ƙi.

Da Gwaggo ta kwance mata igiyar rigar cikin, sai ga jan shati a haƙarƙarinta. Ta daɗe tana shafawa. "To ita waccan baiwar Allah, a haka ta ci kofi? Kunya ce ta sa ta, ko ɗaure ta aka yi?"

Ta ɗauko wani yadi ta naɗa wa Jidda, ta durƙusa da alli don ta shata tsawon siket. Hannunta ya hau, ya sauka, ya kasa tsayawa. Daga ƙarshe ta miƙa mata allin. "Ni na rasa. Ja da kanki."

Jidda ta sunkuya ta ja layi can ƙasa, dab da idon sawu, tana satar kallon uwarta. Gwaggo ta goge shi da yatsa, ta matsar da shi sama.

"A nan za ki sake faɗuwa," in ji ta.