Sallamar da Baba Bai Amsa Ba

A shekarar da Baba da amininsa suka daina shiga zauren juna, a ita ce autanmu ya sayo hedfon ɗin 'yan gem, masu wasa a waya. A lokacin da wani ya ce mini abubuwan nan biyu za su taɓa haɗuwa, cewa zan yi me ya haɗa kifi da kaska. Yanzu kuwa ba na iya tuna ɗaya ban tuna ɗayan ba.

Aminin Baba muna ce masa Baffa, ko da yake ba jini ne ya haɗa su ba. Tare suka yi karatun allo, tare suka fara riƙe fartanya, gonakinsu kuma suna jingine da juna a bayan gari, ba abin da ya raba su sai layin gamba da wata tsohuwar ɗorawa. Sai birni ya fara matso mu. Unguwar Bacirawa ta cika ta batse, masu neman fili suka fara zuwa har garinmu da mota da igiyar awo, 'ya'yan Baffa suka matsa masa ya sayar da gefe ɗaya na gonarsa. Da aka zo kafa duwatsun iyaka, sai aka kafa ɗaya a bayan ɗorawar, ta ɓangarenmu. Baba ya yi magana a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, maganar da ya kamata a yi ta a zaure daga shi sai shi. Baffa ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Daga baya mai unguwa ya sa aka tone dutsen aka mayar da shi inda ya dace, amma hirar la'asar da suka yi shekara da shekaru suna yi ba ta dawo ba.

Su biyun duk malamai ne, sun san gaba haramun ce, saboda haka in an idar da salla sukan miƙa wa juna kan yatsu su wuce. Iyakarta ke nan. Baba ya ce ƙarami ke zuwa wajen babba, shi kuwa ya girmi Baffa da 'yan watanni. Baffa ya ce wanda ya fara jifa shi zai fara takowa. Tsufa dai in ya zo da taurin kai, sai haƙuri. Ni aurena a cikin gari yake, kuma tun rasuwar Inna ni ke kai wa Baba abinci, don haka ina ganin abin da yake ɓoyewa. Kullum a zaure yake wuni, fuskarsa tana kallon hanyar da Baffa ya saba biyowa. In na yi magana ya ce iska yake sha. Tsoronmu ɗaya ne, ni da auta: kada mutuwa ta riga su shiryawa, don Baffa ya daɗe yana fama da ciwon mara.

Shi auta ya gama karatunsa, aiki bai samu ba, yana taya wani mai shagon waya a Rijiyar Zaki. In ya dawo da yamma sai ya duƙufa a kan wasan harbe-harbe a waya, shi da wasu abokai da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ranar da ya kawo abin ina tsakar gida ina tsince wake. Ya ajiye kwalin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya fito da wani hedfon baƙi ƙato, kowane kunne ya kai murfin ƙaramar tukunya, da soso mai laushi a ciki, da wani ɗan hannu da yake lanƙwasowa saitin baki. Da ya jona shi a waya sai wata fitila ja ta kama a gefensa.

Na ce, "To matuƙin jirgi, yaushe za a tashi?"

Ya ce, "Yaya, ba za ki gane ba. Da wannan, in abokin gaba ya lallaɓo ta bayana, ina jin takunsa, na san ta hagu yake ko ta dama. Ina magana da 'yan ƙungiyarmu. Kuma ko ganga ake kaɗawa a gidan nan ba zan ji ba."

Na zaro nawa iyafis ɗin daga gefen zani na nuna masa. Irin na bakin titi ne mai siririyar waya, kunne ɗaya ya daɗe da mutuwa. Na ce kuɗin nasa zai sayi irin nawa cike da kwano, kuma maganar da ake yi a ciki duk ɗaya ce. Ya ce nawa kamar jin hira ne ta bayan katanga. Na ce gara haka, kunne ɗaya yana waya, ɗaya yana kan tukunya da kukan yaro. Mun yi watanni muna wannan gardama, in na shigo na tarar da shi yana magana shi kaɗai yana kaɗa kai, sai in ce Allah Ya ba da lafiya.

Kunnen Baba ya yi nauyi tun wani zazzaɓi da ya yi. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana gyara wa yaran unguwa karatu, yana kamo kuskuren wasali daga ƙarshen zaure, ya koma sai ya manna rediyo a kunne, duk da haka rabi yake tsinta. Na gwada sa masa nawa, ya ce kamar ƙwaro ne ya shiga masa kunne. Wata rana auta ya zuba karatun Alƙur'ani a waya, ya zo ya durƙusa zai ɗora masa nasa a ka.

Baba ya kauce. "Ni za ka ɗaura wa kayan wasa da furfurata?"

"Ku dai ji kaɗan, Baba. In bai yi muku ba sai a cire."

Ya bari aka sa masa a kan hula. Yana cikin saurare sai na ga leɓɓansa sun fara motsi, hawaye yana bin gemunsa. Da aka cire ya ce, "Har numfashin mai karatun nake ji." A ranar na san an kayar da ni a gardama, kuma ban ji haushi ba. Auta ya liƙe fitilar nan da baƙin salatif don kada Baba ya ji kunya, ya lanƙwashe abin maganar ya koma sama. Da farko da rana kawai yake bar masa, daga baya ya bar masa gaba ɗaya, ya koma amfani da irin nawa da yake rainawa. Yana ta ƙorafin ana harbe shi ta baya a wasa, amma bai taɓa cewa a ba shi abinsa ba. Ban taɓa jin son ƙanena kamar a watannin nan ba.

Baba ba ya fita da shi ko nan da can. A zaure kawai yake sawa, tsakanin azahar da la'asar, bayan an saki asabari saboda ranar bazara. Mu na gida mun saba. In mun shigo ba ma jiran amsar sallama, sai mu taɓa masa ƙafa, ya ɗago ya zare kunne ɗaya. Maƙwabta ma sun gane, sukan ɗaga asabarin su shigo kawai. Wani abu kuma da muka riƙa yi masa dariya a ɓoye shi ne, in yana bin karatun ba ya jin muryar kansa, sai ya yi ta ɗaga ta yana saukewa ba tare da ya sani ba.

Ana cikin haka aka ce an kai Baffa asibiti a birni za a yi masa aiki. Baba ya ce in an sallamo shi zai je dubiya, dubiya ai ba ta da babba da ƙarami. Na ji daɗi, na ce ga ƙofa ta buɗe. Ba a sallamo shi ba, gawarsa aka kawo. Baba ya tsaya a sahun gaba, ya bi har maƙabarta da ƙafa, bai yarda an ɗauke shi a babur ba. Da ya dawo ya zauna a inda ya saba, ya ce mini, "Na yi ta jiransa. Ko da zai tafi asibiti bai leƙo ni ba." Ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba, ko ranar rasuwar Inna.

Ranar sadakar uku ina cikin mata a gidan rasuwa, sai matar Baffa, wadda muke ce wa Iya, ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta. Ba faɗa a fuskarta, gajiya ce kawai.

Ta ce, "'Yar nan, akwai abin da yake cina. Ana gobe za a kai shi, ya zaga dangi neman yafiya, kamar yadda ake yi. Ya bar gidanku a ƙarshe. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce zai je wajen ɗan'uwansa. Da ƙyar yake takawa, amma ya hana a raka shi. Bai daɗe ba sai ga shi ya dawo."

Na ce, "Iya, gidanmu ya je?"

"Gidanku. Na ce har kun gama? Ya ce mini, ɗan'uwana yana ciki, na ga takalmansa, na ga ƙafarsa ta ƙarƙashin asabari. Na yi sallama, sai ya ɗaga murya da karatu. Na sake, ya ƙara ɗagawa. Na cika ta uku na juyo. Sai ni na ce masa me ya hana ka ɗaga asabarin, zauren da kake shiga kamar naka? Ya ce da can ke nan. Yanzu ni baƙo ne, baƙo kuwa sai an ba shi izini."

Baffa bai taɓa ganin abin nan a kan Baba ba, don tun kafin a sayo shi ƙafarsa ta ɗauke daga zauren. Na yi wa Iya bayani ina kuka, ina kwatanta mata da hannu yadda yake rufe kunne ruf. Sai ta ce, "Allah Sarki. Da ma ya san haka." Na tambaye ta ko ya ce ya yafe. Ta ce ya ce shi dai ya yafe, amma ranar ko kunu bai sha ba.

Na gaya wa auta a bayan rumbu. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Da ya natsu sai muka shiga wata gardamar, wannan karon ba wasa a ciki. Ni na ce a rufa wa tsoho asiri, labarin nan zai iya kwantar da shi. Auta ya ce Baba yana nan yana zaton amininsa ya mutu yana ƙinsa, alhali mutumin ya tako da ciwo har ƙofa, kuma ba mu da ikon ɓoye masa wannan. Ya ce shi ya ɗora masa abin a ka, shi zai gaya masa. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda aka faɗa. Magana ce ta raɗa, amma kunnen Baba ba ya jin raɗa. Sai da auta ya kai baki saitin kunnensa ya ɗaga murya, ya maimaita, har na san ana ji daga hanya.

Baba ya ce, "Ya zo?"

"Ya zo, Baba."

"Nan? Har ƙofar nan?"

"Har nan."

"Ya cika uku?"

"Ya cika."

Ya kalli asabarin ya daɗe. Sannan ya ce, "Shi ya yi nasa. Sallama sunna ce, amsawa ita ce wajibi." Ya ɗauko hedfon ɗin daga gefen buzunsa, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa wa auta. "Kai alheri ka nufa. Allah Ya yi maka albarka."

Auta ya mayar da shi kwalinsa, ban sake ganinsa a kansa ba. Yaran unguwa sukan tambaye shi ko irin wannan ya fi na kowa da kowa, ko ɓarnar kuɗi ce kawai. Yakan ce musu ya fi, duk abin da aka ce yana yi yana yi. Nima na shaida, don na ga abin da ya mayar wa Baba. Sai dai waɗanda suka ƙera shi mai ɗaki da ƙofa da sakata suka yi wa. Mu nan ƙofarmu asabari ce, wanda ya zo muryarsa kawai yake da ita.

Baba ya sa an kwance asabarin an naɗe. Rana tana shigowa har kan buzunsa, bai yarda a mayar ba. Ya bar rediyo ma, karatun da ke kansa yake yi a hankali, yana yi yana tsayawa yana saurare. Tun da kunnen ba ya rarrabe sauti, duk motsin da ya ji a waje amsa masa yake. In amalanke ya wuce, ko iska ta buga langalanga, sai ka ji ya katse aya ya ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shigo mana." Da farko yara sukan yi dariya, yanzu sun daina.

Jiya ina zuba masa fura ya sake yi. Na kai baki kusa da kunnensa na ce, "Baba, ba kowa, akuya ce take soshe jiki da bango."

Ya ce, "To. Ki duba dai."

Na ajiye ludayin na fita, na dubi hanya gabas da yamma, na dawo na gaya masa ba kowa.