Ganyen Giginyar Baba Indiya

Wata Alhamis ce da hantsi, a daminar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina durƙushe a zauren kakana a Limancin Kona ina dama masa tawada, sai Baffa Iro ya yi sallama da baƙi: wani siririn tsoho da ya yafa farin zane, ya ja toka layi uku a goshi, da wani yaro sa'ana a bayansa. Baffa ya ce tsohon nan mahaifin malamin lissafi ne a makarantar da shi Baffa yake koyarwa, daga kudancin Indiya ya zo, shi ma babban malami ne a addininsu na Hindu, kuma littattafan rubutun hannu yake son gani. Yaron jikansa ne, Gofal. Kafin la'asar unguwa ta raɗa wa tsohon suna Baba Indiya.

Kafin zuwansu ni ne ɗan gaban goshin Malam, wato kakana. Ni ke daka ƙaro, ni ke fere alƙalami, ni ke kakkaɓe buzu, kuma gefen damansa wurina ne, ko yayyena ba sa zama. Sai ga shi duk Alhamis, ranar da ba karatu, tsofaffin nan biyu sun baje littattafai, ba Hausa ba Indiyanci, sai nuni da gyaɗa kai. Littattafan Baba Indiya dogayen ganyaye ne irin na giginya, an huda an zura zare, gadon kakanninsa. Rannan ya dafa kafaɗar Gofal, yaro ya rufe ido ya kama karatu da ka, murya na hawa tana sauka, har shayi ya huce bai yi tuntuɓe ba. Malam ya ce, "Addininsu nasu ne, amma wahalar hadda na san ta in na ji ta." Ya matsa wa Gofal wuri a damansa. Ni da na shafe wata biyu ina fama da izu ɗaya, ji na yi kamar na haɗiye garwashi. Na tsani yaron nan, har warin man kwakwar da ke kansa.

Da za su koma ƙasarsu, Baba Indiya ya sa aka saro masa ganyen giginya, ya dafa, ya shanya, ya aiko wa Malam guda ɗaya. Mu dai ba mu ga komai a jikinsa ba, idon Malam kuwa ya riga ya yi rauni. Duk da haka ya naɗe shi a farin ƙyalle ya ɗora kan adakarsa, gatan da allona bai taɓa samu ba. Yana fita azahar na zaro ganyen, na lakato baƙin tukunya a madafi, na shafe shi da mugunta har ya yi baƙi ƙirin. Sai tsoro ya kama ni, na sa bakin rigata ina gogewa. Baƙin ya fita, amma ya maƙale a wasu 'yan ƙananan zane, sai ga rubutu layi biyar, zagaye-zagaye kamar ƙwayar wake. Ashe da tsinken ƙarfe suke kartar ganyen, sai an shafa baƙi yake bayyana.

A haka Malam ya same ni. Ya kai ganyen kusa da idonsa, ya dubi hannuna. "Sani, da niyyar gyara ka yi?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To, hassadarka ta riga ka iya karatu." Bai dake ni ba, amma sati biyu da kansa ya dama tawadarsa, sannan ya miƙo mini ƙaro in daka.

Yau zauren ya koma shagon cajin waya, ganyen kuwa yana wurina cikin ƙyallensa. 'Ya'yana sun ce in kawo su ɗauki hoto, waya za ta fassara nan take, na hana. A wani gari can Indiya akwai dattijo sa'ana, Gofal, da zai karanta abin da aka rubuto wa kakana da kallo ɗaya, ni da na yi shekara bakwai ina dama masa tawada ban iya ba. Har yau abin yana ci mini rai.