Ranar da Aka Ƙone Tungar Illo

Ran nan matata Tsahara ta riga ni tashi. Ina alwala ina jin turminta, da na maƙwabciyarmu yana amsa mata. Kaka ta wuce, abin da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Ranar kasuwar Deule ce, yawancin maza sun tafi tun asuba. Ni na tsaya gyaran danga. Ɗiyarmu Rabi, mai shekara uku, tana barci a ɗaki.

Tungar Illo 'yan gidaje ne bisa dutse, tsakanin Deule da Ibohamane. Kakanmu Illo ya taso daga garinsu na kudu ya sari dajin. A wurinmu, mutum yakan bar garinsa amma ba ya barin sarkinsa. Don haka muka ci gaba da bin sarkin kakanmu, can ake ƙirga mu. Ƙasar da muke nomawa kuwa ta arondisman arewa ce, wato gundumar arewa. Bariki biyu ke kanmu. Ɗaya na da ƙasar, ɗaya na da mutanen.

Shekarar da ta bi hawan sojoji mulki ce, fari bai gama sakinmu ba. Rijiyar garin da ke gangare ta ƙafe, suka dawo tamu. Aka yi faɗa a kan guga, aka fasa kan wani saurayinsu. Mai garinmu ya je barikin arewa neman gardi, wato ɗan sandan bariki, aka ce masa mu ba nasu ba ne. Ya je na kudu, aka ce rijiyar ba a ƙasarsu take ba. Ya dawo da kumburarrun ƙafafu, ba gardi ko ɗaya.

Hantsi ya ɗaga lokacin da turame suka fara yin shiru. Daga yammacin tunga suka fara, ɗaya bayan ɗaya. Sai haushin kare. Sai kuwwar mata.

"Ku hito! Ku hito!"

Mutanen gangare ne, sun zo da masu da takubba da sanduna. Bindiga ɗaya ce, ta harba-ka-ruga, na ji ta sau ɗaya. Suka cinna wa dangar farko wuta. Karan dawa idan yana ci, ƙararsa kamar ana karya ƙashi. Rumbun maƙwabcinmu ya fashe, hatsin ya zubo yana hayaƙi.

"Bisa dutse! Ku hau dutse!" Muryar mai gari ce.

Tsahara ta shiga ɗaki ta ɗauko Rabi. Tana fitowa wani ya tare ta a bakin ƙofa. Na san shi. Mun sha fura ƙwarya ɗaya a kasuwa. Ta juya don ta kare yarinyar, mashin ya shiga kwiɓinta. Ya zare ya wuce gidan gaba, bai ko waiwaya ba.

Na ɗaure ta da rawanina. Na miƙa Rabi ga matar yayana, wadda ke gudu zuwa dutse. Na kwance jaki na ɗora Tsahara, na riƙe ta da hannu ɗaya. Muka bi kwari muka yi arewa, don gidan likitan can ya fi kusa. Bayanmu hayaƙi ya miƙe. Ba ta yi kuka ba. Duk inda jakin ya taka dutse sai in ji ta ja numfashi ta haƙora.

Ana kiran azahar muka isa. Majo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya buɗe rawanin ya duba. Ya wanke, ya sa bandeji, ya yi mata allura. Ya ce ciwon ya kai hanji, sai babban asibiti, sai an yi aiki. Motar ɗaukar marasa lafiya tana nan tsaye ƙarƙashin dogon yaro, fara, kaji na kwance a inuwarta. Ya ce sai bariki ya ba da izinin mai.

Na bar ta a tabarma na ruga bariki. Na tsuguna a bakin ƙofa har la'asar. Kumandan, shugaban barikin, bai fito ba. Wani akawu ya leƙo ya tambayi sarkin da nake bi. Na faɗa masa gaskiya.

"Wagga macce ba tamu ba ta. Tahi da ita wurin naku."

Ya koma ciki. Na ji ana zuba shayi.

Majo bai dube ni ba da na dawo. Ya ba ni ƙwayoyi a takarda, ya taya ni ɗora ta a jaki. Muka juya kudu. Hanyar ta bi ta gefen tungarmu. Na ja jakin ta nesa don kada ta ga abin da ya rage, amma ƙaurin ya same mu. Ta tambayi Rabi. Na ce tana bisa dutse, lafiya lau.

Washegari da rana tsaka muka shiga garin barikin kudu. Cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. Bandejin ya yi baƙi. Ƙudaje suna bin mu tun daga bakin gari. Nan ma akwai mota, irin waccan, fara. Shofer, direbanta, yana wanke ta da guga biyu na ruwa, yana fito.

Likitan nan ya ce abin da na farko ya ce. Na sake zuwa bariki. Wannan karon ni nasu ne, ba wanda ya musa. Amma rauni na faɗa ne, kuma a ƙasar arewa aka yi faɗan. Sai jandarmomin can, jami'an tsaro, sun shaida tukuna mota ta motsa. Za a buga waya. Wayar ba ta tafiya ran nan.

"Koma ka jira!" in ji gardin ƙofa.

Na koma. Ta roƙi ruwa, likita ya hana saboda ciwon. Tana kwance a baranda, fuskarta wajen motar, tana kallon ruwan wanki yana gangarowa cikin yashi. Na jiƙa bakin rigata na shafa mata a leɓe. Shofer ya gama, ya goge gilashi, ya ɗauki gugansa ya tafi salla.

Ana tada iƙamar la'asar ta cika. Na ji "ƙad ƙamatis salatu" daga masallacin bariki, na duba, ƙirjinta ya daina motsi. Mutanen unguwa suka yi mata sutura. Ban san ko ɗaya cikinsu ba. Wata tsohuwa ta ba da zanenta.

Ban sake zama a tunga ba. Na ɗauko Rabi muka sauko garin Madawa. Ina dako a tasha, da marece ina zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Bayan damina aka kira mu shari'a. Kumandoji biyun suka zauna a inuwa ɗaya, motocinsu a jere, suna raha. Aka sasanta maganar rijiya. Aka faɗi waɗanda suka mutu a Tungar Illo: mai gari, da ƙanensa, da tsoho Alhu makaho, da jinjirin da hayaƙi ya shaƙe. Na miƙe na faɗi sunan Tsahara. Na arewa ya ce da ranta ta bar ƙasarsa. Na kudu ya ce ba a ƙasarsa aka soke ta ba. Aka ce in zauna. Na zauna.

Har yau idan ana zancen a kasuwa, sai a ce mutum huɗu aka kashe a Tungar Illo.

Biyar ne.