Tungar da Na Goge

Da aka raba jiharmu da Sakkwato, a bayan babbar mota taswirorinmu suka iso Birnin Kabi, a nannaɗe, wasu har gara ta ci gefensu. Ni kaɗai ce mace a ɗakin zane na ofishin safiyo. Babba a cikinmu wani dattijo ne ɗan Argungu, wanda ya taka fadamar Rima da ƙafa yana awo tun ba a haife ni ba. Baba muke ce masa.

Bayan wasu shekaru aka kawo kwamfuta, aka ce mu zuba tsofaffin taswirorin a ciki, don wata rana kowa ya duba su a intanet. Idon Baba ya riga ya yi rauni, sai ya riƙa jawo kujera kusa da ni. Ina ɗora zanensa a kan sabon hoton da aka ɗauko daga sama, ina karanta sunayen garuruwa, yana gyara mini.

Wata Laraba muka iso wata tungar masunta tsakanin Argungu da Augie. A takarda ga ɗigonta nan, a hoto kuwa ruwa ne zalla. Gulbi ya sauya hanya ya bi ta kanta.

Na ce, "Baba, wannan tungar babu ita yanzu. Sai dai a cire."

Ya shafa tsohuwar takardar da hannu. Can ya ce, "Ɗiyata, nan anka haihi innata, nan kushewatta take. Na san mutane sun watse. Amma in kin cire, wa za shi san an taɓa zamnawa wurin?"

Na kai maganar gaban darakta. Ya ce masu allurar rigakafi da wannan taswirar za su yi aiki, kada su ɗauki kwalekwale su nufi inda babu kowa. Gaskiya ya faɗa. Na dawo na goge ta.

Washegari Baba ya tambaye ni, "Kin bar ta?"

"Na bar ta, Baba."

Ba ya iya ganin allon kwamfutar. Ya yi ta sa mini albarka.

Da damina ta zagayo ya rasu. Na je gaisuwa Argungu, matarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce kenan. Kowa ya zo dubiya sai ya gaya mishi ɗiyarshi ta ofis ta ceci garin innarshi."

Aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi. Na wanke hannu, na kasa kai loma baki.